Zauren da Aka Hana Mu Yaɓewa

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Karatuna bai wuce elemantare ba, ina kuma tsoron in ɗora wa mamaci abin da bai yi ba.

Zamanin Turawa, ban daɗe da gadon gidanmu a Boɗinga ba, wani mai hoto ya sauka garin da akwati mai ƙafa uku. Gine-gine yake ɗauka, mutane kuwa korarsu yake yi daga gaban akwatin. Ta bakin tafinta ya ce mutum yana gyara fuska in ya ga hoto, bango kuwa ba ya ƙarya.

Zaurenmu mahaifina ne ya gina, ya zane goshinsa da hannunsa. Mai hoton ya lulluɓa da baƙin ƙyalle ya ɗauka, ya fito yana tsaki. Wai hasken rana bai kwanta a kan zanen yadda yake so ba. Zai je Shagari ya komo, kada a taɓa bangon, don tsagar da ke jikinsa ita ce shekarunsa. Dogari ya maimaita mini da sunan hakimi.

Bazara ce, kowa na yaɓe. Na riga na jiƙa makuba, na kwaɓa ƙasa. Maƙwabta suka gama nasu, nawa kwaɓin ya bushe a ƙofar gida. Kullum ina duban gabas, ina sa yatsa cikin tsagar in ji ko ta ƙaru.

Baffana ya ce, "Ɗana, ruwa bai san hakimi ba. Yaɓe abinka."

Na je fada na faɗi na yi gaisuwa. "Ranka shi daɗe, hadari ya fara haɗuwa." Aka ce umarnin daga sama yake, in jira. Na taka har Shagari neman mai hoton, aka ce ya wuce Dandin Mahe. Can kuma ba wanda ya gan shi.

Ruwan farko ya shiga tsagar. Kafin a yi noman fari goshin zauren ya zube, da zanen duka. Mai hoton bai komo ba.

Hoton nan da bai gamshe shi ba, shi kaɗai ya rage daga aikin mahaifina, in yana nan. Zaure ne mai zanko biyu, na hagu ya ɗan karkace. Wanda ya taɓa ganinsa, ko ya san inda ake ajiye irinsu, don Allah ya sanar da ni.