Jibo Direba Bai Sayar da Safaya Ba

Allah da Ya ba mu aron Jibo Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 2025, tsakanin azahar da la'asar, Jibo Mahaman, direban motar marasa lafiya ta garinmu, ya rasu a kan hanyar Ɗan Kassari zuwa Dogon Dutsi, bayan gamsheƙa ta sare shi a gona yana ɗaurin gero. Shekarunsa arba'in da shida. Ya bar matarsa Hure da ƴaƴa biyar. Ƙungiyar ƴan gari ta ce ni Bashir, sakatarenta a lokacin kuma malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake ce wa Mushe kamar kowane malamin boko a nan, in rubuta ta'aziyya a karanta ranar Juma'a a ƙofar masallaci. Sun zaɓe ni don sun san abokina ne. Da sun san sauran maganar, da wani suka ba alƙalamin.

Jibo, da kai zan yi magana, don mutanen gari sun riga sun yi tasu, kuma ba ta da daɗin ji.

Shekara shida ke nan da ƴan garinmu masu ci-rani a Kwatano suka haɗa hannu suka sayo mana tsohuwar kat-kat, motar shiga daji, irin mai ƙofa ɗaya a baya. Ta iso da tayar safaya kwance a ciki, daidai inda ya kamata mai ciwo ya miƙe. Tafiyarka ta farko wani tsoho ka ɗauka, ya yi hanyar nan duka ƙafafunsa na kan taya, gwiwoyi a naɗe, yana nishi. Da ka dawo ko ruwa ba ka sha ba ka zo ka tsaya mini a ka, kana tambaya ko motar ta mai ciwo ce ko ta taya. Washegari muka tafi Dogon Dutsi wurin Kabiru mai walda.

Kabiru ya so ya liƙa ƙusoshi uku a bayan ƙofar ya sallame mu kafin azahar. Ka ƙi. Ka ce ƙarfen ƙofar bai fi na langa kauri ba, gargadar hanya za ta yage shi cikin wata guda. Ka sa ya buɗe cikin ƙofar, ya sa falle mai kauri ta ciki, wani ta waje, ƙusoshin suka ratsa su duka. Ka sa ya matsar da tayar gefen da ƙofar ke rataye don kada nauyi ya sunkuyar da ita, ya ƙara mata maratayi na uku, ka yanko robar tsohuwar taya da hannunka ka cusa tsakani don kada ta dinga ƙara a kunnen mai ciwo. Kwana biyu muka yi a kan ƙofa ɗaya. Na ce maka ko ɗakin amarya ba a yi wa irin wannan jere, ka ce in koma in ji da allina. A ƙarshe ka sa aka huda ƙusa ɗaya aka sa kwado. Makulli biyu ne, ka riƙe ɗaya, ka ba ni ɗaya saboda ni ne sakatare. Hure ta ɗinka wa tayar riga da guntun tamfol don kada rana ta cinye ta.

Ba zan ce kai mai sauƙin kai ba ne, don waɗanda za su ji wannan takarda sun san bakinka. Ka hana ɗan maigari motar ranar ɗaurin aurensa, ka ce amarya lafiyarta ƙalau, ta hau amalanke. Ka sauke buhunan wani ɗan kasuwa a tsakiyar hanya da ka gane an cusa maka su ƙarƙashin kujera. Amma kai ne kuma ka shiga rugar Fulani cikin damina, ruwa har gwiwa, ka ɗauko Nana matar wani makiyayi a bayanka zuwa inda ka bar mota, kuma da mijinta ya kawo maka tunkiya ka ce ya mayar da ita garke. Yara nawa ne a ƙauyukan nan ake kira Jibo saboda kai? Ni na san huɗu a garinmu kaɗai.

Ni kaina na ci moriyar ƙofar nan. Ranar da naƙuda ta tsananta wa matata Zalihatu, taya ta fashe mana a bakin wani ƙwazazzabo. Ni na tsaya ina salati. Kai kuwa ka zagaya baya, ka buɗe kwado, ka sauke safaya, ba a ɗaga mai naƙuda daga shimfiɗarta ba. Kafin in dawo hayyacina ka ɗaure noti na ƙarshe. Ɗiyarmu Amira tana shekara huɗu yanzu.

To ga abin da gari bai sani ba.

Ranar 25 ga Satumba da hantsi, kana gona, surukina, mahaifin Zalihatu, ya zo gidana da ƙafarsa. Tayar a-kori-kurarsa ta yage, yana da kaya zuwa kasuwar Matankari, kuma an gaya masa safayar motarmu ta yi daidai da tasa. Kowa a ƙasar nan ya san yadda mutum yake gaban surukinsa. Shekara goma sha ɗaya ban ci abinci a gabansa ba, ban ɗaga ido na dube shi ba, ban ambaci sunansa ba. Na cire takalmi na durƙusa, ya ce kwana biyu kawai, na ce to. Bakina bai iya wata kalma ba sai wannan. Na shiga ɗaki na ɗauko makullin da ka ba ni amana, na buɗe kwadon da hannuna.

Da yamma ka zo, fuskarka a murtuke.

"Mushe, ina tayata?"

Na ce na ba da aro.

"Wa kab ba?"

Na ce baban Zalihatu. Sai ka ce, "Da wani na, da yau gari ya ji mu ni da kai. Amma suruki na. Tahi ka amso ta da kanka, ni ba ni hwaɗa ma kowa."

Kuma ba ka faɗa ba. Don kada a ga ƙofa tsirara a fara tambaya har maganar ta kai ga surukina, sai ka samo wata matacciyar taya da ta tsage, ka rataya, ka mayar da rigar tamfol a kai. Na ga lokacin da kake yi. Allah Ya gani, abin da na ji a raina sauƙi ne, na ce asirina ya rufu. Da ka bar ƙusoshin nan uku a fili, da tsofaffin gari sun tayar da ƙura, da tayar ta dawo kafin Juma'a. Mutuncina ka tsare, ni kuwa na kwanta a kai.

Kwana biyu suka zama goma sha tara. Sau uku ina zuwa ƙofar gidan surukina, in gaishe shi, in tambayi kaka, in tambayi jikoki, in sa takalmina in dawo. Kullum da asuba in mun fito masallaci kana dubana, ina cewa gobe. Ka yi tafiya biyar a cikin kwanakin nan ba safaya, da famfo da kayan faci kawai, Allah Ya tsare waɗanda ka ɗauka. Ta shida kai ne a kwance a baya.

Ƙanenka Sadiƙ ne ya ja motar, shi ya ba ni labari. Kun yi nisa da gari, ba ku kai kwalta ba, kututture ya yage tayar gaba ta gefe, inda faci ba ya kamawa. Ya zagaya baya da gudu, ya cire rigar tamfol, ya ga abin da ke ciki. Ya ce maka, "Yaya, mi na wanga? Ina safaya?" Idanunka sun fara nauyi a lokacin. Ka ce, "Bari wagga magana, nemo babur." Waya ba ta kamawa a wurin. Ya yi gudu da ƙafa zuwa wani ƙauye, bai dawo da babur ba sai bayan awa biyu. Shi da mai babur suka sa ka a tsakiya. Ana hango dutsen Dogon Dutsi numfashinka ya tsaya.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban zo yin jayayya da hukuncin Allah ba. Ban sani ba ko da safaya za ka rayu. Abin da na sani shi ne awa biyun nan ni na ɗauke maka su.

Sai kuma bakin mutane. Tun ba a dawo daga maƙabarta ba aka fara raɗa: Jibo ya sayar da lafiyayyar safaya, ya rufe matacciya da tamfol yana yaudarar gari, Allah Ya kama shi da hannunsa. A zaman makokinka, a kan tabarmar gidanka, ana shan kunun da Hure ta dama, wani ya ce ai direba duk halinsu ɗaya. Wanda ya faɗa, kai ka kai uwarsa likita bara. Wasu suka gyaɗa kai, suka shafa fatiha, suka ce Allah Ya yafe maka. Ku da kuka ce a yafe masa, me ya yi muku? Shekara shida yana tashi daga kan tuwonsa saboda ku, ba ku ba shi ko kwana ɗaya na kyakkyawan zato ba. Amma ba ni da bakin zagin kowa. Ina zaune a wurin, surukina na gefe yana jan tasbaha, na ji komai, na sunkuyar da kai. Washegarin jana'iza an kawo tayar a amalanke an jingine ta a bayan dangata, ba sallama ba saƙo. Na ja ta na ɓoye a rumbu.

Kwana bakwai na yi a haka. Ranar sadakar bakwai, da mutane suka watse, na nemi iso wurin Hure. Tana cikin takaba, na tsaya daga bakin ƙofa na faɗa mata komai, ban rage ba. Na yi zaton za ta yi kuka ko ta tsine mini. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

"Na sani, Mushe. Tun ranar ya hwaɗa mini, ya ce in na buɗe baki bai yahe mini ba. Kwana bakwai ina ji ana ce ma uban ɗiyana ɓarawo. Jira nikai in ga ko kai kana da baki."

Na fito na je na fiddo tayar daga rumbu, na gangara da ita ta tsakiyar gari da rana tsaka, na mayar da ita inda ka yi mata wuri. Na ajiye sakatarancin ƙungiya, na ba Sadiƙ makullin. Zalihatu ta san zan karanta wannan takarda, ta san abin da zai biyo baya tsakanina da gidansu, ta ce in karanta.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Jibo. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka karɓi mutuwarsa a matsayin shahada. Ya rufa wa wanda bai cancanta ba asiri a duniya, Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Duk wani rai da ya ceto ta hanyar kai shi gaban likita a kan lokaci, Ka sa a mizaninsa. Mu da muka ci namansa, da masu magana da masu shiru, Ka ba mu ikon tuba tun muna da numfashi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hure, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da abin da kika haɗiye. Ba na roƙon ki yafe mini yau, ban kai nan ba. Ina yi wa Sadiƙ ta'aziyya, da sauran dangi na nan gida da na Gesheme, da ƴan ƙungiya na Kwatano. Ku kuma ƴaƴansa, Luƙman da ƙannenka, Allah Ya raya ku, Ya yi muku albarka. Duk wanda ya sake gaya muku wata magana a kan ubanku, ku turo shi wurina. Ubanku bai sayar da komai ba. Ni na ba da tayar.