Rumman a Ƙasan Gangare

Tsakar gidanmu na Gyadi-Gyadi gangare ne. Tun da aka ɗaga titin ƙofar gida aka zuba kwalta, zaure ya koma sama, ɗakuna suka koma ƙasa. Duk ruwan da ya sauka a layinmu sai ya shigo ya gaishe mu kafin ya fice ta rariyar bayan gida. Ranar da aka kawo ni amarya, ni lambu na hango a wurin. Na taso da karatun littattafan soyayya na haya, waɗanda kowace mace a cikinsu take da furanni da kujeru biyu, miji ya dawo da yamma ya tarar da ita tana ƙamshi. Na ce a raina zan jera furanni hawa-hawa har ƙasa.

Ban samu yi ba. Ciki ya zo, na haifi mace, ungozoma ta haƙa rami can ƙasan gangaren kusa da rariya ta binne mabiyiya. Yarinyar ba ta kai yaye ba Allah ya karɓi abarsa. Maza suka ɗauke ta zuwa maƙabarta a Tarauni. Mu mata ba ma rakiya, don haka har yau ban san inda take kwance ba. Abin da na sani shi ne wannan ɗan wurin. Na dasa rumman a kansa, kullum da safe ina zuba masa ruwan alwalata.

Da damina ta kama, ruwa ya fara yanka hanya a tsakiyar gida, kai tsaye zuwa gindin rumman. Bayan kowane ruwa sai na ga saiwa ɗaya ta ƙara fitowa fili, fara sol kamar yatsa.

Mijina direban adaidaita sahu ne, ba ya son dogon zance. Ya ce, "A shafe ko'ina da siminti kowa ya huta."

Na ce, "Don girman Allah, maigida, ka ba ni wannan daminar. Zan tare ruwan."

Ya yi dariya. "Ke da littattafanki! A wane shafi kika ga an tare ruwan Gyadi-Gyadi?"

Amma washegari ya sauke mini tsofaffin tayoyi daga wurin wani mai faci a Daurawa.

Na jera su a gicciye, layi bisa layi, kamar matakala. Na cika su da yashin da magina suka bari a maƙota, ina ɗebowa da kwanon wanki har tafin hannuna ya yi kanta. Na dasa lalle a layin sama, na sayo jajayen furanni a bakin titi na sa a na tsakiya. Inna, mahaifiyar mijina, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ta ce, "'Yar nan, wannan lambu na gwamna ne ko na sarki?" Na yi murmushi kawai. Ban binne tayoyin ba, ɗora su na yi a kan ƙasa, domin sun fi kyau a haka. Ban kuma bar wa ruwa ko 'yar hanya ba.

Ruwan ya zo wata rana bayan la'asar. Ya shigo ta zaure jajawur, ya tarar da layin farko ya tsaya, ya taru, zuciyata ta ce na ci nasara. Sai yashin ya fara zurarewa ta ƙarƙashi. Taya ɗaya ta motsa, ta biyu ta bi ta, ruwan da na tara da hannuna ya kwararo gaba ɗaya. Na ruga na durƙusa na rungume rumman, na ba ruwan baya. Tayoyi suna dukana, furannina suna wucewa ta gefena, ina jin ƙasa tana guduwa daga ƙarƙashin gwiwoyina. Inna tana ƙwala kira, "Ki taso! Ki taso kada katanga ta faɗo miki!" Ni kuwa ba abin da nake cewa sai "Ya Allah, ka bar mini nan."

Da aka ɗauke, itacen yana hannuna a tumɓuke. Inda yake tsaye rami ne. Na sa hannu biyu cikin taɓo ina lalube, na leƙa rariya, na fita ba mayafi na bi kwata. Ban san me nake zaton zan samu ba.

Inna ce ta jawo ni gida ta yafa mini zanenta. Ta ce, "Ƙasa ta daɗe da cinye abin da aka ba ta, 'yar nan. Ruwa bai ɗauki komai naki ba." Na so in yarda da ita.

An shafe tsakar gidan da siminti, an yi wa ruwa hanya ta gefen katanga. Amma da magini ya iso ƙasan gangaren, mijina ya ajiye taya ɗaya a wurin, ya ce masa, "Nan ka zagaye." Shi da kansa ya cika ta da jar ƙasa, ya mayar da rumman.

Ganyensa duk sun zube, har yanzu bai fitar da sabo ba. Kowace safiya ina zuba masa ruwan alwalata, sannan in ɗan kankare ɓawon da farce, in ga ko da sauran kore a ciki.