Seini, Mai Tsayawa a Kan Dutsen Mampong

Ranar Alhamis, ashirin ga watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1347, wadda ta yi daidai da shida ga Satumba 1928, ina zaune a bakin keken ɗinkina da sassafe, Mumuni ya tsaya a ƙofar shago bai ko yi sallama ba. Da na dubi fuskarsa sai na ajiye almakashi. Ya ce wansa, Seini direba, ya cika bayan an idar da sallar asuba. Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Na faɗi haka da baki, amma sai da na maimaita sau uku kafin zuciyata ta yarda. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Seini, duk Zangon Kumasi an ɗauka mota ce za ta yi ajalinka. Tsofaffinmu sun sha faɗa cewa wanda ya mai da ƙarfe dokinsa ba a gida zai mutu ba. Sai ga shi ciwon haƙarƙari na kwana shida ya ɗauke ka a kan tabarmarka, matarka Barkisu tana riƙe da ƙoƙon ruwa. Motar kuwa tana nan ƙarƙashin rumfa, kamar yadda ka wanke ta ranar Juma'ar da ka kwanta.

Ni Amidu tela nake rubuta wannan. Ban iya wa'azi ba, kuma ba ni da ilimin da zan jera maka kirari irin na malamai. Abin da na gani da idona zan faɗa, don 'ya'yanka su san ko wane ne ubansu idan sun girma.

Ka zo ƙasar nan daga Zabarma kana saurayi, ba ka da komai sai ƙarfin wuya. Shekara goma sha biyu ka yi kana dakon goro a ka tsakanin Kumasi da Salaga. Daga baya ka shiga wankin mota a wani kamfanin Turawa a unguwar Adum, kana wanki kana leƙen hannun direba, har ka iya, har Allah ya ba ka mota taka ta kanka, wata baƙar tsohuwa mai rufin tamfol. Ba ka bi sahun masu lori ba, waɗanda ke loda mutum a kan buhu, akuya a kan mutum. Kai shata ake ɗaukarka: iyali guda ko attajiri guda, daga ƙofar gidansa a Kumasi zuwa ƙofar gidan da za shi a Salaga, tafiyar kwana biyu a maimakon ta mako biyu.

Sharaɗinka ɗaya ne, kuma kana faɗarsa tun kafin a ɗora kaya. Idan an wuce Jamasi aka hau dutsen nan da ke kafin a shiga Mampong, sai an tsaya a samansa. Kowa ya sauko, ka shimfiɗa tabarma, ka fasa goro, a zauna a dubi ƙasa. Mai gaggawa da marar gaggawa duk ɗaya ne a wurinka. Wani Kwara, Balarabe mai kanti, ya taɓa yi maka barazanar ba zai sake shiga motarka ba, ka ce masa Allah ya kiyaye hanya, ka ci gaba da shimfiɗa tabarmarka. Matan Asante 'yan kasuwa har suna suka sa maka, Jinaha, wato "tsaya nan" da harshensu. Mu kuwa a Zango cewa muke tsohuwar motarka ce ba ta da numfashi, kake fakewa da kallon daji. Ni ma na faɗa, kuma na yi dariya da masu dariya.

Shekara huɗu ke nan da na daina wannan dariyar.

Mahaifina, Malam Mutala, yana da ƙane guda a duniya, Baba Iddi, a Salaga. Tare suka yi fataucin goro suna da ƙarfinsu. Da mahaifina ya zauna a Kumasi, tsohuwarsu ta kwanta ciwo a can. Sau uku aka aiko, sau uku yana cewa bari kakar goro ta wuce. Ta rasu bai je ba. Da ya isa zaman makoki, Baba Iddi ya dube shi a gaban jama'a ya ce goro ya fi masa uwa. Mahaifina ya tashi ya sa takalmansa. Daga ranar suka yi shekara ashirin da ɗaya ba gaisuwa, ba aike, ko sunan Iddi ba a ambata a gidanmu. Na tashi ina jin ciwon abin nan, ina kuma tsoron ɗayansu ya mutu a haka, su tsaya gaban Allah da yankakken zumunci.

Rannan wani ɗan Salaga ya kawo saƙo cewa Baba Iddi yana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma ya ambaci wansa. Kwana biyu ina roƙon tsoho. Limaminmu ya sa baki, ƙanwata Kadijatu ta yi kuka, da ƙyar ya ce to. Ban bari ya kwana da tunani na biyu ba, na zo wurinka. Ka tuna mini sharaɗinka. Na ce maka mutum yana bakin mutuwa, wane irin kallon daji kuma? Ka ce in ban yarda ba ga lori can a tasha. Wallahi na ji haushinka ranar, Seini, na kuma yarda ne don ba ni da yadda zan yi.

Mun tashi da sassafe. Tun daga bayan gari tsoho yake jan carbi da ƙarfi. Muna isa gindin dutsen abin da nake tsoro ya faru. Ya ce a mai da shi gida. Ya ce wanda ya ci masa mutunci a gaban mutane shi ya kamata ya tako, ba shi ba. Na yi magana ya daka mini tsawa, na ja bakina. A gidanmu ba a yi wa Malam Mutala musu.

Amma mu Gobirawa ne, kai kuwa Bazabarme, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninmu tun kakanni: abin da ɗa ba zai iya faɗa wa ubansa ba, abokin wasa zai faɗa ya kwana lafiya. Ka juyo kana murmushi, da Hausarka wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta.

"Baba, yaushe Bagobiri ya fara ba ubangidansa oda? Mota ya zo gindin dutse, sai ya hau. Mu je sama, shi ya sha ruwa, kai ka ci goro kakra, ɗan kaɗan. In ka ce Kumasi, wallahi Kumasi zan kai ka."

Tsoho ya ce Bazabarme ko an ba shi mota bawa ne. Ka ce ka ji, amma yau bawan ne ke riƙe da sitiyari. Rabon da in ga gefen bakin mahaifina ya motsa tun ranar da saƙon nan ya zo.

Sai ka juya motar, ka fara hawa da baya. Wanda bai taɓa bin ka ba zai ce taɓin hankali ne. Dalilin kuwa shi ne tankin mai yana ƙarƙashin kujera, idan hanya ta miƙe sama sosai man ba ya gangarawa wurin inji sai an ba dutsen baya. Haka muka hau a hankali, kana leƙen baya ta kafaɗa, mu kuma fuskarmu tana kallon inda muka fito. Kurmin Asante ya riƙa buɗewa a gabanmu kaɗan kaɗan, har muka kai inda manyan itatuwan da muke ɗaga kai mu kalla suka koma ƙarƙashin ƙafarmu.

A sama ka shimfiɗa tabarma, ka ba inji ruwa, ka fasa farin goro ka miƙa wa tsoho babban ɓarin. Ni ina tsaye ina duban rana. Ba ka ce masa komai game da ƙanensa ba, ko kalma ɗaya. Labarinka ka ba shi. Ka ce ka hau dutsen nan da kaya a ka ya fi sau ɗari, kuma mai kaya a ka ba ya iya juya wuya. Abin da ka sani na wurin nan duka shi ne dugadugan wanda ke gabanka. Ranar da ka fara hawa da mota ka ga abin da ke bayanka shekara goma sha biyu, sai da ka zauna ka yi hawaye. A ranar ka yi alkawari ba za ka ƙara wuce wurin da ɗan Adam ba sai ya sauko ya gani.

Mahaifina ya tashi ya matsa bakin gangaren. Ya daɗe yana dubawa. Can ya nuna wani siririn layi ja da ke ɓullowa cikin itatuwa yana ɓacewa, ya tambaye ka ko tsohuwar hanyar ƙafa ce. Ka ce ita ce. Sa'an nan ya yi magana, ba da ni ba, ba kuma da kai ba.

"Kurkunu ya kama ni a ƙafa a wancan rafin. Ayari ya wuce ya bar mu. Iddi ya goya ni ya kawo ni nan, ya koma ya ɗauko kayana, ya sake komawa ya ɗauko nasa. Sau uku ya hau dutsen nan a yini ɗaya."

Wannan ne karo na farko da na ji sunan daga bakinsa tun ina yaro. Kai dai ka ci gaba da goge gilashin da ba shi da datti. Da ya juyo, sai ya harare ka ya ce, "Kai Bazabarme, zaman me muke yi? Rana tana yi." Ka naɗe tabarma ba ka tambaye shi ina muka nufa ba.

Mun kwana a Atebubu, muka ƙetare kogi a Yeji da jirgin fito, muka shiga Salaga washegari bayan la'asar. Mun sami Baba Iddi da rai. Abin da suka faɗa wa juna a ɗakin nan ban sani ba, don ka ja hannuna ka ce in zo in taya ka duba taya. Allah da ikonSa Baba Iddi ya tashi daga wannan ciwon. Mahaifina da ya je da niyyar kwana uku ya yi shekara biyu a gidan ƙanensa, suna cin tuwo a akushi ɗaya suna gardama a kan komai. A can ya rasu, Baba Iddi ne ya yi masa wanka, aka binne shi kusa da tsohuwarsu.

Na sha yi maka godiya kana kaucewa. Kullum cewa kake kai ba ka yi komai ba, mota ce ta ji ƙishirwa.

Da labarin rasuwarka ya kai Salaga, Baba Iddi ya hau lorin goro da tsufansa ya zo sadakar bakwai. Shi a saninsa kai ne direban da ya kawo masa wansa, shi ke nan. A wurin zaman ne na ba shi labarin abin da ya faru a kan dutse, don ashe mahaifina, da taurin kansa na Gobirawa, bai taɓa gaya masa ba. Barkisu ta ji daga cikin gida, ta aiko cewa tsohon nan ba zai koma a lori ba, Mumuni ya fito da motar. Na raka su.

Mumuni ya juya ta a gindin dutse kamar yadda ka koya masa. A sama ya shimfiɗa tabarmarka ba tare da kowa ya ce masa ba. Na kama hannun Baba Iddi na kai shi inda wansa ya tsaya, na nuna masa jan layin. Ya duba, ya duba, ya share ido da bakin rawani.

"Ni na manta da wannan ranar, Amidu," ya ce. "Ashe shi bai manta ba."

Mun zauna mun ci goro, muka yi maka fatiha a wurin. Mumuni ya gaya mini sharaɗin yana nan: duk wanda ya ɗauki motar nan shata, sai ya sauko a kan dutse. Na ji daɗin wannan har cikin raina.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Barkisu da 'ya'yanta uku, da Mumuni, da jama'ar Zabarmawan Kumasi, da direbobin hanyar arewa, da mu Gobirawa da muka rasa mai zaginmu mu yi dariya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya tsare Mumuni a hawa da gangara.

Kai kuma Seini, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka sada 'yan'uwa biyu kafin ƙasa ta rufe idonsu, Allah ya sada ka da rahamarSa. Ka yi dako, ka yi tuƙi, ka kai kowa ƙofar gidansa. Allah ya sauke maka kayanka, ya zaunar da kai a wuri mai tsawo a Aljanna, inda za ka juya wuya ka duba yadda kake so. Amin.