Sista Ta Karɓi Haihuwar Kaji

Shekara talatin da biyu Sista ta yi a ɗakin haihuwa na asibiti, kuma ranar da ta yi ritaya ba a san wanda ya fi murna ba tsakanin ƙananan ma'aikata da masu ciki. Ba muguwa ba ce, ta kuma iya aikinta. Rabin samarin unguwar a hannunta suka faɗo, kuma ba ta bari su manta. Aibinta ɗaya ne: ba ta yarda akwai abin da zai tafi daidai a duniya in ba ta sa hannu ba. Ko ruwa aka ɗora a wuta sai ta buɗe murfin ta ga ko yana tafasa yadda ya kamata.

Da ta dawo gida da zama, sai gidan ya koma asibiti. Mijinta, Malam, tsohon direban babbar mota ne wanda bai taɓa kwanciya ciwo ba, amma ya wayi gari ana auna masa jini safe da yamma. Wadda ta fi shan wuya ita ce matar autansu, da ke zaune a sashen baya. Shekararta uku a gidan, ga goyo, amma har yanzu Amarya ake ce mata. In ta yi wa jaririnta wanka, Sista za ta karɓe shi, ta shinshina bayan kunnensa, ta sake masa wani.

Autan ne ya nemo mafita. Wata ranar Asabar ya shigo rungume da kwali, ya dire a falo.

"Mama, ga injin ƙyanƙyasa na sayo miki. Ƙwai arba'in yake ci. Kwana ashirin da ɗaya, sai 'yan tsaki."

"Ni ka mayar mai kiwon kaji?"

"A'a, Mama. Mai shagon ne ya ce yawancin mutane ba sa iya shi, wai sai wanda ya san aikin kula."

Yaron ya san uwarsa. Kafin la'asar an fitar da Malam daga ɗan ɗakin da yake jin rediyo, an wanke ɗakin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, an ɗora injin a kan tebur. Sista ta aika aka samo ƙwai a wurin wani mai kaji da zakaru, ta rubuta wa kowanne lamba da fensir. Ta ciro tsohuwar farar rigarta daga ƙasan akwati. Sau uku a rana take zagaye: ta duba ma'aunin zafi, ta ƙara ruwa a ɗan farantin da ke ƙasa, ta juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta a littafi. Aka hana Malam tari a kusa da ƙofar. Jaririn Amarya kuwa ya samu mako uku yana wanka sau ɗaya kamar 'ya'yan mutane.

A rana ta bakwai ta ja labule, ta haska kowane ƙwai da tocila. Cikin na farko ta ga jijiyoyi ja sirara sun bazu, ga wani ɗan baƙin ɗigo yana motsi. Ta daɗe tana kallonsa, har idonta ya kawo ruwa, don tun da ta bar aiki ba ta ga abu mai rai yana jiran ta ba. Tara da ba su ɗauka ba ta ware su gefe, ta ce musu, "An sallame ku."

Ran kwana ashirin da hantsi ta ji ɗan kuka daga cikin injin. Lamba shida ya huda ɓawonsa, ga ɗan baki ya leƙo. Sista ta ja kujera ta zauna, ta kalli agogo. Awa ɗaya, ramin bai ƙaru ba. Awa biyu, shiru.

"Naƙuda ta tsaya," in ji ta. Ta tafi kicin ta tafasa hantsaki da ɗan almakashi, ta sa safar hannu.

Amarya ta biyo ta har bakin ƙofa, ta rusuna. A gidan kaji ta tashi, mahaifiyarta ta fi shekara ashirin tana kiwo.

"Mama, ki yi haƙuri, da an bar shi. Hutawa yake yi. Wani sai ya kwana ya wuni kafin ya fito. Kuma in ana buɗe injin, sauran za su bushe a ciki."

Sista ta dube ta ta saman tabarau. "Ke, haihuwa nawa kika taɓa karɓa?"

"Ko ɗaya, Mama."

"Taki ma wa ya karɓa?"

"Ke ce, Mama."

"To riƙe min tocila."

Ta ɓare ɓawon a hankali, da hannun nan da ya saba. Sai ga jini. Ɗan tsakon ya fito jiƙe, gwaiduwar da ya kamata ya gama shanyewa tana rataye a cikinsa. Ta goge shi da auduga, ta hura masa iska a baki, ta ɗan murza ƙirjinsa da yatsa. Bai kai azahar ba. Wani zai tsaya nan, amma Sista cewa ta yi ta makara ne, don haka na gaba ko awa ɗaya ba ta ba shi ba. Haka ta wuni tana buɗewa tana rufewa, tana ɓara tana gogewa, gumi har haɓa. Cikin talatin da ɗaya, huɗu ne suka rayu, su ma na can lungun baya ne da hannunta bai kai gare su da wuri ba.

Laifin ya zagaya gidan kaf bai sauka a kanta ba. Mai kaji ya ba ta ƙwan tsofaffin kaji. Injin ƙaramin kamfani ne. Malam ya yi tari ranar sha biyu, ta ji shi da kunnenta.

"Na yi," in ji Malam. "Allah ya ba su haƙuri."

Ta sake zuba wasu arba'in, talatin da uku suka ɗauka. Wannan karon ta sayi sabon hantsaki mai siririn baki. Sai dai ran kwana sha tara da safe aka bugo waya: babbar 'yarta da ke aure a wani gari ta fara naƙuda, mako biyu kafin lokaci. Sista ta tsaya tsakiyar falo, jaka a hannu, tana kallon ƙofar ɗakin ƙwai tana kallon ƙofar gida. Da ƙyar jika ya rinjayi kaji. Kafin ta fita ta cika shafi biyu da umarni, ta damƙa wa Amarya tare da hantsakin.

"Duk wanda ya huda ya yi minti arba'in bai fito ba, ki shiga."

"To, Mama."

Motar na ɓacewa Amarya ta cika farantin da ruwa, ta rufe injin, ta kulle ɗakin, ta kai wa Malam makullin da hannu biyu. Malam ya jefa shi a aljihu, ya ɗauki rediyonsa ya fita wurin abokansa. Sista na bugo waya kusan kowace awa, Amarya na cewa, "Ana nan ana fama, Mama." Ba ta yi ƙarya ba, ana faman, sai dai ba ita ke yi ba.

Kwana huɗu Sista ta yi. Can ma kafin ta isa 'yar ta haihu lafiya a hannun wata ƙaramar ma'aikaciya da ba ta kai shekarun takalmin Sista ba. Ta dawo da rana tsaka, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi ɗakin. Tun daga falo take jin ciu-ciu. A cikin babban kwali, ƙarƙashin ƙwan fitila, 'yan tsaki ashirin da tara ne busassu, sun yi bul-bul, suna tattaka juna a kan farantin tsaki.

Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana duba cibiya. Ba ta samu abin gyarawa ba.

"Nawa kika yi wa aiki?"

Amarya ta kalli Malam, Malam ya kalli silin.

"Ko ɗaya, Mama. Ban ma buɗe ba sai da suka bushe."

Sista ta mayar da na ƙarshe cikin kwalin. Ta ɗauki hantsakinta a inda ta gan shi, cikin ledarsa, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ta zauna bakin gado. Ba mutuwar na farkon ce ta fi ci mata rai ba, rayuwar na biyun ce. Ashirin da tara, ba wanda ya tambaye ta. Har ta fara tuno wasu matan da ta riƙa daka wa tsawa a kan gadon haihuwa don sun ƙi sauri, sai ta ga tunanin ba zai kai ta inda take so ba, ta tashi ta kama ninke kaya.

Washegari labarin ya gyaru. Matan makwabta da suka shigo kallo suka ji cewa sabon tsari ne ta fito da shi: a shirya komai daidai tun farko, sannan a janye hannu. "Ƙwai ba ya son garaje," in ji ta, tana kaɗa yatsa. "Mutanenmu ba su da haƙuri, shi ya sa suke asara." Amarya na gefe tana ba su ruwa, ta ce, "Gaskiya ne, Mama."

Yanzu Sista na fitar da 'yan tsaki duk wata, kuma nata ba sa mutuwa. Duk da haka masu saye sun fara raguwa, don ba ta sallamar ɗan tsako haka nan. Sai ta tambayi inda zai kwana, da wanda zai kula da shi, sannan bayan kwana uku ta bi shi har gida ba tare da an gayyace ta ba. Telan bakin titi ya sayi goma. Ranar Talata yana tsakiyar auna wani mutum sai ga ta da jaka, ta wuce bayan shagon kai tsaye, ta tarar da su a kan siminti, ruwan shansu duk zare.

"Tela! A nan ka ajiye min su?"

"Sista, ai na saya, nawa ne."

"Naka ne? Kai da na karɓo ka kana shuɗi, sai da na mare ka sau biyu ka yi kuka?"

Ta kwashe goman a kwali ta tafi da su, ta ce ya zo ya karɓa in ya gyara wurin. Tela ya share, ya shimfiɗa buhu, ya ɗaura fitila, ya je da yamma yana ba da haƙuri. Ta ba shi takwas. Biyun ta ce ba ta gamsu da numfashinsu ba, sai ta ƙara duba su.