Ranar da na fitar da Yaya daga taro

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajiya Mariama, wadda mutanen unguwar Kara-Kara suka fi sani da Madam, saboda daɗewar da ta yi tana koyarwa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in kasa, don in zan faɗi gaskiya dole in faɗi abin da na yi mata. Bana na ce ko da kunya sai na faɗa.

Bayan ta ajiye alli, ta shiga wata ƙungiyar ƴan sa-kai ta duniya, masu tattara ilimi su ajiye inda kowa zai karanta kyauta. Ƙungiyar tana tallafa wa ƙananan ayyuka, amma ba manyanta na ƙetare ke zaɓen wanda za a ba ba. Kowane yanki yana da kwamitinsa na ƴan sa-kai, su ke karanta takardun masu nema su yanke shawara. Yaya ta samu kujera a na yankinmu, kuma ita kaɗai ce mai jin Hausa a cikinsu. Ko na goro ba a ba ta. Ina yi mata tsiya cewa ta bar gyaran takardun yara ta koma gyaran na manya, ita kuwa sai ta gyara tabarau ta ci gaba da karatunta.

A lokacin akwai wata tsohuwa a Hamdara, Inna Gaji, wadda ta san irin gero da dawa na kakanni ɗaya bayan ɗaya: sunansa, wanda ke jure fari, wanda ke daɗewa a rumbu. Matan garin suka so a ɗauki muryarta a ajiye tun tana da rai. Da yake ina jin Faransanci, suka roƙe ni in rubuta musu dosiye, wato takardar neman tallafi. Aikinsu ne, ni aron hannu kawai aka yi.

Amma ni ɗan Damagaram ne. A wurinmu ba ka shiga gaban manya ba ka faɗi ko kai na wane ne ba. Sai na sa sunana a sama a matsayin mai aikin, na kuma ƙara layi guda ina jin daɗi: ni ƙanen Hajiya Mariama ne, wadda ke cikin kwamitinku. A zatona gata na yi wa matan Hamdara.

Ashe dokarsu ita ce, in takardar ɗan'uwanka ta zo, sai ka fita, ba ka cewa uffan. Taron ta waya suke yi. Yaya ta sanar da su, ta kashe tata. Waɗanda suka rage ba wanda ya taɓa ganin rumbu. Suka duba, ba littafin da aka ambata, ba shaidar karatun tsohuwar, suka ce a sake nema baɗi.

Na je gidanta a fusace. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Habu, da ka bar dosiyen da sunan masu shi, da na zauna na yi musu bayanin ko wace ce Inna Gaji. Kai ka sa ni a takarda, kai ka fitar da ni."

Ban ji ba. Na ce ta fifita baƙi a kan jininta. Kafin damina ta zagayo Inna Gaji ta rasu da abin da ke kanta, na kuwa ɗora wa Yaya laifin har da wannan. Sallah biyu matata nake aikawa da gaisuwa. Da ciwo ya kwantar da ita na koma ina zuwa, muna hira kamar ba komai, amma bakina bai taɓa furta neman gafara ba. Ina ta jiran ta warke.

Da za ta leƙo yau, da ta ga ana karɓar buƙata da murya, cikin Hausa ko Barbarci, abin da ta yi ta naci a kai ana ce mata da wuya. Na san za ta ce, "Sai da na tafi?" Za ta kuma yi faɗa, don har yanzu mai iya tsara magana ya fi mai aikin samun shiga. Masu jin Hausa a kwamitin yanzu mu uku ne. E, har da ni, a kujerarta.

Watan jiya takardar Zalika, ƴar Yaya, ta zo gabanmu, a kan matan Dakusa masu noman gyaɗa. Na karanta daga sama har ƙasa, ba sunana ko'ina, ba na uwarta. Tarbiyyar Madam ke nan. Na sanar da su cewa ƴata ce, na kashe waya, na fita zaure na zauna.

Zaman bai kai awa ɗaya ba, amma ban taɓa yin mai tsawonsa ba. Ni dai na bar mutum biyu a ciki da za su yi wa matan Dakusa bayani. Ita ba ta bar kowa ba, ta kuma san abin da za a yanke, ta zauna ita kaɗai tana jira, sannan na zo na yi mata faɗa a kai. A zauren nan na ce, "Yaya, ki yafe mini," da ƙarfi, ba kowa a wurin. Allah ya jiƙanta, ya kai mata.