Gonakin Inna da Nasiru ya mayar duniyoyi

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanena Nasiru makwancinsa, bayan wata mota ta kwashe shi da babur ɗinsa a hanyar Argungu. Na yi niyyar bana in rubuta addu'a kawai in yi shiru, kamar yadda ake so ’yar'uwa ta yi. Na kasa. Raina a ɓace yake, kuma gara in faɗi dalili.

Ga wanda bai san Nasiru ba, gyaran waya yake yi a wani ɗan shago a Gwadangaji, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi da katun ɗin nan na mutum-mutumin ƙarfe masu rikiɗa su zama motoci da jirage. Tun yana firamare yake kallo, har ya yi gemu ya yi aure bai daina ba. A gidanmu, gidan da ake alfahari da karatun littattafai, ana ganin wannan abin kunya ne. Ni kaina nakan tsokane shi in ce matarsa ’ya'ya biyu take reno, shi da jaririyar.

Masu yin katun ɗin suna da wata ɗabi'a mai rikita mutum. Sukan ɗauki labari ɗaya su yi ta sake shi. A wannan fim babban jarumin ya mutu, a wancan yana nan da ransa, a wani kuma shi ne ma maci amanar. Samarin da ke zama ƙofar shagon sukan yi ta musu a kai har a kai ga cin kwala, kowa na cewa ɗan'uwansa maƙaryaci ne. Nasiru ne ya raba gardamar. Ya ce babu mai ƙarya, kowane labari duniyarsa daban, kuma duk a jere suke. Turawa sun ba duniyoyin lambobi da haruffa masu tsawo, ya ce wannan ko mai lissafin banki ba zai riƙe ba. Sai ya raɗa musu suna da kansa.

Sunayen kuwa daga fadamar Zauro ya ɗebo su. Mahaifiyarmu, Inna Hauwa'u, ta gaji ƙananan gonakin shinkafa a can, kuma kamar yadda manoman wurin suke yi, kowace da sunanta. Akwai Gindin Giginya, akwai Ramin Kada, akwai Mai Laka da Tudun Kura. Ba ka cewa za ka gona, sai dai ka ce za ka Mai Laka. Yadda Inna ta kasa gonakin, haka ya kasa duniyoyin. Wadda yaƙi yake cinyewa ƙurmus, ya sa ta cikin na kwari, waɗanda ambaliya ke shanyewa duk damina. Wadda jarumai suka tsira, ta tudu ce. In kuma wani labari ya ɓalle daga wani, sai ya yi masa yadda ake yi wa gonar da aka yanka wajen rabon gado, ya zama Ƙaramar Mai Laka. Ya kafa doka cewa duniya ba ta samun suna sai an san uwar da ta fito daga cikinta.

Na taɓa tambayarsa me ya haɗa shinkafa da ƙarafa. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, Inna ta riga ta gama min aikin. Ni kwafa kawai nika yi.”

To ga abin da ya biyo bayan rasuwarsa. Kawunmu, ƙanen Inna, wanda gonakin suke hannunsa tun rasuwarta, ya ba da su haya ga wani babban manomi ba tare da ya tambayi kowa ba. Da na je masa da magana, cewa ya yi ai Nasiru ko da ransa ba manomi ba ne, mai kallon wasan yara ne, ni kuma mace ce mai aikin ofis. Tarakta ta shiga ta baje iyakokin nan kaf, aka sare giginyar, aka cike ramin. Yau in ka je, fili ne guda shimfiɗe, ko Inna ta dawo ba za ta gane inda ta sha duƙawa ba. Na haɗiye wannan don zumunci, kodayake har yau bai wuce min a wuya ba.

Abin da na kasa haɗiyewa ya faru ne bayan sallar da ta wuce. Nasiru ya bar ’ya guda, mai sunan Inna, muna kiranta Mama. Tana da shekara biyar ya rasu. Ta zo min hutu, sai ta miƙo min waya cike da murna.

“Gwaggo, kin san duniyar Ramin Kada? Wani mai bidiyo ne ya ƙirƙiro sunan. Kai gare shi, Gwaggo.”

Na karɓa na duba. Na san fuskar. Ɗaya ne daga cikin masu zaman ƙofar shagon nan, ɗan Argungu, wanda Nasiru ya sha cika wa waya da fim kyauta. Yanzu ya zama gwani, dubban yara na bin sa, yana jero Gindin Giginya da Tudun Kura da na kwari da na tudu, yana cewa shi ya zauna ya tsara. Ko sau ɗaya bai ce Allah ya jiƙan wane ba. Tunda bai ga dama ya ambaci sunan ƙanena ba, ni ma ba zan ba shi darajar ambaton nasa a jarida ba.

Na hau mota na same shi har Argungu. Ya yi min tarba ta mutunci, ya kawo ruwa, ya yi ta'aziyyar da ta makara da shekara bakwai. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya gyara zama ya ce, “Hajiya, suna ai ba na kowa ba na. Wanga abu wasa na, mi za a tada hankali a kai?”

Wasa ne, in ji shi. Haka Kawu ma ya ce. Lokacin da Nasiru yake da rai, wasa ne don a raina shi. Da ya mutu, wasa ne don a kwashe. A garin nan da ɗalibi ba ya karanta ko layi ɗaya na littafi sai ya faɗi malamin da ya biya masa, a nan ne za a ce min suna ba na kowa ba ne?

Nakan tambayi kaina abin da Nasiru zai yi da yana nan. Na san shi, dariya zai yi. Zai ji daɗi yara a garuruwan da bai taɓa takawa ba suna kiran gonakin uwarsa. Mai yiwuwa ma ya kira yaron ya gyara masa, don na ji ya jefa Ƙaramar Mai Laka cikin na tudu, alhali ruwa ke cin ta. Shi mai sanyin hali ne. Ni ba haka nake ba, kuma ba shi ne ya tsaya ya ji ’yarsa tana yabon baƙo da aikin ubanta ba.

Kafin hutun ya ƙare na ɗauki Mama a Keke Napep muka je Zauro. Na tsayar da ita a bakin filin nan, na yi ta nuna mata da yatsa inda kowace gona take a da. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ina giginyar. Na nuna mata inda injin ban-ruwa yake ta ƙara. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Shago an mayar da shi wurin sayar da taliya. Gonaki sun tafi. Abin da ya rage na Nasiru sunayen nan ne, kuma ba zan bari su ma a baje su ba. Don haka duk yaron da ya karanta wannan, in ya sake cewa Ramin Kada ko Gindin Giginya, ya san silsilarsu. Ni Hajara na ji daga Nasiru, Nasiru ya ji daga Inna Hauwa'u, ita kuma daga mahaifinta da ya sare dajin. Mama ta haddace, har tana ƙara nata sunan a gaba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu a cikin jerin.