Ranar da Papa Tereapii Ya Sauke Katafila

Shekara ashirin da biyu ke nan ina rubuta kayan da ake saukewa a tsibirinmu na Mauke, kuma duk tsawon lokacin Papa Tereapii ne ke tsayawa a kan jirgin fito. Manomin gwaza ne, sai ranar da jirgin kaya ya zo yake zama mutumin teku. Bakin ruwanmu ba shi da zurfi, don haka babban jirgi a bayan duwatsu yake tsayawa, injinsa na ɗaga kaya ya riƙa zuro mana duk abin da kwantena ba ta ɗauka: tankunan ruwa, turakun lantarki, tarakta.

Aikin Papa shi ne yi wa mai injin alama da hannu. Sai dai ba ya kallon kayan. Baya yake ba su, ya zuba wa teku ido, domin bayan manyan igiyoyin ruwa sun wuce teku kan ɗan lafa, kuma shi ya san lokacin.

A watan Yulin bara aka kawo katafila mai tan goma sha huɗu, wadda za ta haƙa hanyar bututun ruwa zuwa ƙauyen su Papa. Ranar teku ta tashi. Kyaftin ya aiko cewa in ƙarfe sha biyu ta yi ba a sauke ta ba, zai wuce da ita, sai kuma bayan wata uku. Katafila na reto a sama, jirgin fito na hawa da sauka, ga mai injin sabo ne, wani ɗan Fiji mai suna Waisake.

"Tsoho, kifi kake ƙirgawa?" in ji Waisake daga sama. "Hannuna ya gaji fa."

"Sauya da ɗayan, ɗana. Ai biyu aka ba ka."

Masu riƙe igiya suka yi dariya, Papa ko bai waiwaya ba. Ya bar igiyar ruwa bakwai ta wuce, sannan wasu biyar. Na duba agogo, saura minti goma sha ɗaya. Sai ya sauke hannu a hankali, katafila ta zauna a kan katako kamar an ajiye ƙwarya.

Kafin a janye ƙugiya ya rataya mata jakar gwanda, ya ce a kai wa mai gajiyayyen hannu.

Ran tara ga Oktoba ruwa ya zubo a famfon ƙofar gidan Papa. Ya cika bokiti biyu, ya zauna yana kallon na uku.